Gwajin aure ya nuna ina da ciwon hanta: yadda na bi asibiti tun daga yankar kati har fara magani

Tun watan Mayun 2024 da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure, duk mai shirin ɗaura aure a Kano sai ya kawo takardar shaidar an duba jininsa: sikila, HIV, da ciwon hanta nau'in B da C. Ina tare da dokar nan har zuciyata, domin ba don ita ba da har yau ban san abin da ke jikina ba. Sai dai takardar gwaji ba ta yin bayani. Ba ta faɗa maka inda za ka nufa, likitan da za ka gani, gwajin da ake fara yi, ko kuɗin da za ka tanada. Ni na sha wahalar nemo wannan da ƙafata, shi ya sa zan jero shi yadda ya faru, ko wani da ke riƙe da irin takardar nan yau zai samu sauƙi.

A wani ƙaramin asibitin gwamnati na unguwarmu muka yi gwajin, ni da yarinyar da zan aura, da ƙanwar mahaifiyarta da ta rako ta. Aka ɗebi jini, aka ce mu zauna a benci, ba a yi awa guda ba aka fara kiranmu ɗaya bayan ɗaya. Da na shiga, ma'aikacin ya tura ƙofa, ya ce, "Malam, sauran duk lafiya lau, amma na hanta ya nuna." Ya nuna mini layin da aka rubuta HBsAg, wato gwajin ciwon hanta nau'in B, a gabansa an sa "reactive". Gabana ya faɗi, har na ji kamar kunnena ya toshe. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ni lafiyata ƙalau nake ji. Idona bai yi ɗorawa ba, ba na zazzaɓi, ina cin abinci, ina buga ƙwallo da yamma. Na ce masa ko dai an samu kuskure. Ya ce ɗan tsinken gwajin yana iya kuskure amma ba kasafai ba, in je babban asibiti a sake, in kuma nemi ganin likitan hanta. Na tambayi sakamakon yarinyar, ya ce wannan ita za ta faɗa mini da bakinta, kuma gaskiyarsa. A hanyar komawa ta ce nata bai nuna komai ba, ta dubi fuskata, na faɗa mata nawa. Ba mu ƙara cewa uffan ba har adaidaita ta sauke su.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi hatsari, kuma ba ciwon ne hatsarin ba, shawarwari ne. Kafin in rufe baki magana ta zaga dangi. Wani ya kawo lambar mai magani da ke cewa a wata uku zai wanke ƙwayar cutar tas, jarka biyar-biyar, kuɗinsa ya fi albashina na wata. Wani ya turo bidiyon Facebook. Wata gwaggona ta ce in daina cin mai da gishiri da ƙwai da nama, in koma zogale da rake. A gida kuma, ba da mugun nufi ba, aka ware mini kofi da cokali. Wanda ya tsayar da ni abokina ne ma'aikacin jinya. Ya ce, "Kar ka zuba komai a cikinka sai an ga halin da hantar take ciki. Duk abin da ka haɗiya ita ke sarrafa shi. In tana da rauni, jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba zai iya ƙarasa ta, kuma zai rikita sakamakon gwajin." Ya kuma ce in koma asibitin unguwa in karɓi takardar tura mara lafiya, domin tana rage kai-komo a babban asibiti. Na koma, aka rubuta mini ba tare da an karɓi ko sisi ba.

A babban asibitin, abin farko shi ne yankar kati. Na isa bayan sallar asuba, na tarar da mutane sun riga sun ajiye katunansu da 'yan duwatsu a layi. Ka fara zuwa tagar masu fayil a rubuta sunanka, su ba ka 'yar takarda, ka je wurin biya, ka dawo da rasit, sannan a buɗe maka fayil a ba ka ƙaramin kati mai lamba. Wannan lambar ita ce sunanka a asibitin daga ranar, don haka na ɗauki hotonta a waya nan take. Kati da ganin likita ba su kai N3,000 ba a lokacin. Ba a tura sabon zuwa kai tsaye wurin likitan hanta. Sai ka bi ta sashen da kowa ke fara zuwa, wanda ake kira GOPD, nas ta auna hawan jini da nauyi da zafin jiki, ka zauna jiran a kira ka. Sai wajen azahar na ga likita. Matashiya ce, ba ta ɓata lokaci ba: ta karanta takardata, ta danna cikina ta gefen dama, ta duba idona da tafin hannuna, ta rubuta jerin gwaje-gwaje, ta ce in haɗa sakamakon duka kafin ranar asibitin hanta. Wannan shawarar tata ta yi mini rana, domin na ga mutane da yawa da suka jira makonni, suka shiga wurin babban likita hannu rabbana, aka sake turo su ɗakin gwaji.

Bari in tsaya a kan gwaje-gwajen, domin nan ne kuɗi ke tafiya kuma nan ne mutane ke ruɗewa. Na farko shi ne sake HBsAg da na'ura, don a tabbatar. Shi wannan abu ɗaya kawai yake faɗa: akwai ƙwayar cutar a jiki. Ba ya faɗin yawanta, ba ya faɗin ko ta taɓa hanta. Sai gwajin aikin hanta, da ake rubutawa LFT, wanda a cikinsa likita ya fi duba ALT da AST, sinadaran da ke fita cikin jini idan hanta na kumbura. Sai ƙidayar ƙwayoyin jini, sai gwajin ƙoda da fitsari, sai HBeAg, wata alama a jini da kan nuna ƙwayar na hayayyafa sosai, sai a sake HIV da nau'in C. Na yi ƙorafin cewa ai an yi mini waɗannan biyun, aka ce dole a tabbatar, kuma daga baya na fahimci dalili. Sai hoton ciki, wato sikanin, wanda ake so ka zo ba ka karya ba, don haka ka nemi a sa ka da safe. Na ƙarshe, kuma mafi tsada, shi ne na auna yawan ƙwayar cutar a jini, a takarda HBV DNA. Shi kaɗai ya ci mini wajen N35,000, kuma inshorar lafiyar wurin aikina ba ta ɗauke shi ba duk da ta ɗauki wasu. Gaba ɗaya abin da ya fita daga aljihuna a wannan zagayen ya haura N70,000. Farashi ba ya zama wuri ɗaya yanzu, kuma ya bambanta daga ɗakin gwaji zuwa wani, saboda haka ka tambaya wuri biyu ko uku kafin ka biya. Kowane gwaji da rasit ɗinsa, kuma ba a ba ka sakamako sai ka nuna shi. Na sayi 'yar jakar leda mai zif, duk takardar da aka miƙo mini a ciki take kwana.

Ƙananan gwaje-gwajen sun fito cikin kwana ɗaya zuwa uku. Na DNA kuwa sai da ya kusa mako biyu, domin suna tara samfurin mutane da yawa kafin su kunna na'urar. A wannan jiran ne barci ya ƙaurace mini. Ina ta tuna kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda ya rasu ina ɗan sakandare. Cikinsa ya kumbura, ƙafafunsa suka kumbura, ya rame, aka ce sammu ne, aka yi ta rubutu da turare har Allah ya karɓi abinsa bai taka asibiti ba. Shekarunsa ba su kai hamsin ba. Duk daren da na kwanta sai in shafa cikina in ji ko ya fara tashi.

Asibitin hanta rana ɗaya yake zama a mako, a sashen manya masu ciwon cikin jiki da ake kira MOPD. Ka kai katinka da sassafe a nemo fayil, ka tabbatar da idonka an kai shi teburin nas, domin in fayil bai iso ba, ko kai ne na farko a benci ba za a kira ka ba. Nawa ya makara a hanya, sai da na koma tagar masu fayil na bi sawunsa. A bencin nan na ga abin da ya sanyaya mini jiki kuma ya buɗe mini ido lokaci guda. Ga dattijo da ciki kamar mai juna biyu, 'ya'yansa na riƙe da shi. Ga kuma samari da 'yan mata irina, tsaf da su, wasu sun shekara biyar suna zuwa, suna hira suna dariya. Cuta ɗaya ce ta tara mu, bambancin kawai lokacin da kowa ya gano.

Da aka kira ni, ƙaramin likita ne ya fara ɗaukar bayani, sannan babban ya shigo. Tambayoyinsa sun ba ni mamaki. An taɓa ƙara mini jini? A gida aka yi mini kaciya ko a asibiti? An cire mini beli? Ina yin ƙaho? Wurin wanzami nake aski da aska, ko ina da injina? Ina shan giya? Ina yawan shan maganin ciwon jiki daga kemis? Akwai wanda ciwon hanta ko kumburin ciki ya kashe a danginmu? Na ba shi labarin kawuna, ya rubuta ya ja layi a ƙasa. Sannan ya juyo da takardun ya ce, "Malam, kafin mu shiga lambobi, ka sani kai ba baƙo ba ne a nan. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita, yawancinsu ba su sani ba." Ya ce a ƙasashenmu akasarin masu ita tun suna jarirai ko ƙananan yara suka ɗauka, wurin haihuwa, ko ta aska da reza, ko ta ƙuraje da raunuka tsakanin yara. Babba in ya kamu, jikinsa kan kore ta cikin wata shida, ƙasa da 5 cikin 100 ne take zaunar musu. Jariri kuwa, kusan 9 cikin 10 tana zama tare da su har girma. Ya faɗi haka ne, in ji shi, don kar wani ya ɗora mini zargin da ba nawa ba. Wallahi sai a lokacin na ji numfashina ya daidaita, domin wannan zargin, ko ba a furta ba, ina ganinsa a idon wasu.

Sai lambobin. ALT ɗina 62, AST 48, ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini 190, yawan ƙwayar cutar 38,000, HBeAg babu, ƙoda lafiya, hoton ciki bai nuna tabo ko ƙari ba. Na yi murna da jin babu HBeAg, domin wani ya ce mini in babu shi to cutar barci take. Likitan ya ce ba koyaushe ba, ga shi nawa tana hayayyafa ba tare da shi ba, shi ya sa ba a yanke hukunci da shi kaɗai. Ya ɗauki biro ya yi wani lissafi a gabana da AST da ƙwayoyin jinin nan, sunansa APRI, mai hasashen ko hanta ta fara tabo, ya fito 0.6. Ya ce a ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2024, ana ba babba magani in APRI ya haura 0.5, ko in ƙwayar cutar ta haura 2,000 tare da ALT da ya wuce iyaka, wato 30 ga namiji, 19 ga mace, ko in akwai HIV ko nau'in C tare da ita, ko ciwon suga, ko tarihin kansar hanta a gida. Ni na faɗa ta ƙofa biyu. Na ce, "Likita, amma ni fa ba na jin komai." Ya ce, "Haka take. Kamar gara ce a jikin ƙyaure, waje sumul, ba ka sani sai ranar da ka jingina. Mu so muke mu tsayar da ita tun katakon na da ƙwari." Ya ƙara da cewa akwai wata na'ura mai auna taurin hanta, Fibroscan, ba ko'ina ake da ita ba, in na samu hali in yi, in ban samu ba abin da ke hannu ya isa a yanke shawara.

Maganin da ya rubuta shi ne tenofovir, miligiram 300, ƙwaya ɗaya kullum. Bai ɓoye mini komai ba, kuma ina ganin wannan ne mafi girman alherin da ya yi mini. Ya ce maganin yana danne ƙwayar cutar har a kasa ganinta a jini, hanta ta huta, hatsarin tabo da kansa ya ragu sosai, amma ba ya tumɓuke ta. HBsAg zai ci gaba da nunawa, kaɗan ne ƙwarai yake ɓace musu. Don haka in shirya wa shan shekaru, wataƙila har ƙarshen rai. Ya ce, "In ka san ba za ka iya ɗorewa ba, ka faɗa mini yanzu mu tattauna. Tsayar da shi kwatsam na iya sa cutar ta taso da ƙarfi, hanta ta kumbura fiye da da." Nan ne na gane dalilin sake gwajin HIV: tenofovir na cikin magungunan HIV, kuma in mutum na da ita bai sani ba ya sha shi shi kaɗai, ƙwayar HIV ɗin za ta iya bijire wa magani. Dalilin gwajin ƙoda kuma shi ne maganin ta nan yake fita, yana iya taɓa ta, don haka za a riƙa dubawa, kuma in guji yawan shan diclofenac da ibuprofen da haɗe-haɗen maganin gajiya. A famasin asibitin na fara saye, kwalbar wata guda ba ta kai N10,000 ba. Da na je wani kemis wata rana, yaron shagon ya karanta takardar ya ɗago ya yi mini wani irin kallo. Ka san da wannan tun yanzu don kar ya sa ka fasa karɓar maganinka. Ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ka biya, ka yi gaba.

Saura maganar aure, wadda ita ce ta fi komai nauyi a zuciyata. Gidan su yarinyar sun yi shiru, kuma shiru irin wannan kowa ya san ma'anarsa. Na roƙi likitan ko zai yarda in zo da waliyyinta, ƙanin mahaifinta, ya ce in kawo shi. Dattijon ya zauna ya ce, "Likita, 'yarmu amana ce. Ka gaya mini tsakaninka da Allah, in mun ba shi, mun cuce ta?" Likitan ya ce, "Alhaji, cutar nan tana da rigakafi mai ƙarfi. A yi mata gwaji uku, HBsAg da anti-HBs da anti-HBc, a ga ko ta taɓa haɗuwa da ita ko tana da kariya. In babu, a yi mata allura uku: yau, bayan wata ɗaya, sai bayan wata shida da ta farko. Wata ɗaya zuwa biyu bayan ta ƙarshe a auna anti-HBs, in ya kai 10 ta samu kariya. Shi kuma yana kan magani, ƙwayar na raguwa." Ya ce akwai tsarin allurar na gaggawa ga masu sauri, amma tunda ba abin da ke kora mu, gara a bi na asali. Ya tuna masa cewa ita kanta dokar gwajin ta hana tsangwamar mai ciwon hanta. Alhaji ya yi shiru, sannan ya juyo gare ni ya ce, "Yaro, ka kyauta da ba ka ɓoye ba. A ɗaga biki a yi allurar." Aka ɗaga. Kowace allura 'yan dubbai ce, ni na biya, kuma na tabbatar a asibiti aka yi inda ake ajiye ta a firij, aka rubuta kwanan wata a kati.

Abin da likitan ya nace a kai bayan wannan shi ne in kawo 'yan gidanmu duka. Nan ma sai da aka sha fama, domin wasu cewa suke gara rashin sani. Sakamakon ya nuna mini cewa cuta ɗaya ba ta nufin magani ɗaya. Mahaifiyata na da ita. Da yake ta haura sittin, tana da hawan jini, kuma ƙodarta ta ɗan nuna gajiya, sai aka ba ta entecavir maimakon irin nawa, ana shan shi ba abinci a ciki, awa biyu bayan ci, kuma awa biyu kafin a sake ci. Ƙanina mai bi mini shi ma yana da ita, amma ƙwayar tasa ba ta kai 2,000 ba, ALT daidai, APRI ƙasa. Da yake ciwon kawunmu ba a taɓa tabbatar da shi a asibiti ba, likitan ya tattauna da shi suka tsaya a kan sa ido, gwaji da hoton ciki duk wata shida, ba magani tukuna. Yayata ba ta da ita, aka fara mata rigakafi. Autarmu kuwa, haihuwar 2006, ba ta da ita kuma tana da kariya a jini, domin tun 2004 allurar ta shiga jerin rigakafin yara a Najeriya, kuma an kai ta. Ranar da Hajiya ta ji nata sakamakon ta yi kuka a ɗakin likita, tana cewa ita ta shafa wa 'ya'yanta. Likitan ya ce, "Hajiya, ba wanda zai iya cewa daga ke ne ko daga askar wanzami. Ko daga ke ne, lokacin da kika haife su ba gwajin, ba allurar. Ke ma haka kika same ta." A ranar aka mayar da kofina cikin kwanuka, domin ya gaya mata ba a ɗauka ta cin abinci tare, ko musabaha, ko tari, ko gumi. Abin da za a raba shi ne reza, injin aski, abin yankan farce da buroshin haƙori.

Bibiya ta zo da sauƙi fiye da farko, tunda na san hanya. Nakan yi gwajin mako guda kafin ranar asibiti, in shiga da sakamako a hannu. A wata na uku ALT ya sauko, ƙoda lafiya. Da azumi ya matso na tambaya, aka ce ba abin da zai hana ni tunda hantar ba ta da tabo, in mayar da ƙwayar lokacin sahur ko bayan buɗa-baki, in tsaya a kan lokaci ɗaya, in sha ruwa sosai da dare. Da aka sake gwajin DNA bayan na kusa shekara a kan magani, aka rubuta ba a ga ƙwayar ba. Na yi sujada a masallacin asibitin. HBsAg kuma yana nan yana nunawa, kamar yadda aka faɗa mini tun farko. An ɗaura auren bayan gwajin amarya ya nuna allurar ta kama.

Abin da zan gaya wa mai sabuwar takarda, na farko, shi ne kar ka sayi magani a kan HBsAg kaɗai, na bature ne ko na gargajiya. Na haɗu da wanda wani mai kemis ya ɗora a kan tenofovir ba gwajin ƙoda ba na HIV, ya sha wata biyu kuɗi ya ƙare ya ajiye. Na kuma haɗu da waɗanda suka sha jarkoki, aka kai su wani ɗakin gwaji da mai maganin ya zaɓa aka ce ta tafi, suka dawo babban asibiti tana nan daram. Wannan ya fi ƙona mini rai, domin mutum ya tafi da tabbacin ƙarya, ya daina bibiya, ya yi aure bai yi wa matarsa rigakafi ba. In kuɗi ya yi kaɗan, kar ka ƙi zuwa don ba ka da na DNA. Faɗa wa likita gaskiyar aljihunka. LFT da ƙidayar jini ba su da tsada sosai, da su ake fitar da APRI, kuma ƙa'idar 2024 ta ba da damar yanke shawara da ALT da aka maimaita inda ba a iya yin na DNA.

Wanda aka ce bai buƙatar magani yanzu, kar ya ɗauka an sallame shi. Ƙanina ya fi ni buƙatar tuni, domin ni kwalbar magani na tuna mini kullum, shi ba abin da ke tuna masa. Cutar na sauya hali, kuma kansar hanta na iya fitowa ko ba tabo, shi ya sa hoton ciki na wata shida-shida ba abin wasa ba ne. Maganar abinci kuma, ba a hana ni nama ko ƙwai ko mai ba. Abin da aka hana shi ne giya, da ƙiba mai yawa, da gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna. Wannan na ƙarshen ya shafe mu sosai a nan Arewa, domin fumfunar na fitar da guba mai suna aflatoksin, kuma in ta haɗu da ciwon hanta nau'in B hatsarin kansa na ninkuwa. Yanzu a gidanmu ana tsince gyaɗa kafin a yi ƙuli ko kunu, duk wadda ta yi baƙi ko ta yanƙwane a zubar, hatsi kuma a shanya shi ya bushe sosai kafin ya shiga buhu. Ba na ba da jini, kuma nakan sanar da likitan haƙori ko duk wanda zai rubuta mini sabon magani.

Ga mata masu juna biyu akwai abin da nake so ya isa kowane gida. Mai ɗauke da cutar ta faɗa a wurin awo tun zuwan farko, a auna yawan ƙwayar, domin in ta kai 200,000 ana ba ta tenofovir kafin haihuwa don kare jaririn. Kuma kowane jariri, uwarsa na da ita ko ba ta da ita, ana so a yi masa allurar farko cikin awa 24 da haihuwa, sauran su biyo a mako na 6, na 10 da na 14 cikin allurar haɗaka ta yara. Mu kuwa mun saba ba a fita da jariri sai an yi suna, kuma da yawa a gida ake haihuwa. Kwana bakwai ya yi nisa ga wannan allurar. Tun ciki na wata takwas maigida ya je asibitin da ke kusa ya tambaya ko suna yin ta kowace rana, har da Asabar da Lahadi, ko sai ranar rigakafi. In sai ranar rigakafi ne, ya nemi wani asibitin da ke yi a ɗakin haihuwa, ya karɓi lambar wayar ma'aikaciyar, ya kuma sanar da ungozoma da kakannin yaron tun kafin naƙuda ta zo.